Kalmar da na tsallake

A saman motar tumatir na shigo Legas, cikin watan Fabrairun 2009. Daga Kwanar Gafan muka taso, muka bi ta Zariya da Kaduna, muka ratsa Mokwa, muka haye gadar Jebba, sai Ilori da Badun. Kwana biyu ina zaune a kan katakon da aka gicciya bisa kwanduna, sanyi ya ci ni da dare, rana ta gasa ni da yini. Abin da na taho da shi bai wuce kaya kala biyu ba, da lambar wayar kawuna a bayan wata takarda, sai sakamakon WAEC da ba na son kowa ya gani, domin F9 ce zaune daram a gaban Ingilishi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12. Shi ya karɓe ni, ya ba ni wurin kwana a bayan rumfa, ya fara sa ni dako kafin ya yarda in taɓa kuɗinsa. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma zai kalli mota cike da albasar Aliero ya gaya maka buhu nawa ne a ciki, kuma da wuya ya kuskure da fiye da biyu.

Cikin wata shida bakina ya kama buroka, na kuma iya ƙirgen Yarbanci daidai na ciniki. Buroka kuwa harshe ne mai sauƙin kai. Duk abin da yake da yawa "plenty" ne, ko doya ce, ko ruwa, ko mutane, ko wahala. Duk abin da yake kaɗan "small" ne. Da waɗannan biyun, da "how much", da "bring am", na yi shekara bakwai ina cin abinci a Ikko, har na fara jin cewa F9 ɗin nan zalunci aka yi mini. In saƙon Turanci ya shigo wayar Kawu ni ake miƙa wa. Yadda nake karatun kuwa shi ne in tsinci manyan kalmomi: adadi, da sunan kaya, da rana. Ƙananan da ke tsakani, irin su "a" da "the" da "some" da "any", na ɗauke su tsakuwar cikin shinkafa, a tsince a zubar. A ganina ado ne kawai na 'yan boko, don a san sun yi makaranta.

Shekarar 2016 ta zo mana da zafi biyu. A farkon watan Maris rikici ya ɓarke a unguwar, aka rasa rayuka, Gwamna Ambode ya rufe kasuwar na kimanin mako biyu, kayan mutane suka ruɓe a cikin motoci. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga tsutsar nan da manoman wajenmu ke kira sharon, 'yan jarida kuma suka sa mata Ebolar tumatir, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina. Zuwa watan Mayu kwandon tumatir ya yi tsadar da tun da nake ban taɓa gani ba. A daidai lokacin ne Kawu ya samo cinikin wani otal a tsibiri, kuma ya ce ni zan riƙe shi, in fara tsayawa da ƙafata.

Matar da ke kula da siton otal ɗin ta turo saƙo ranar Asabar. Har yau ina iya karanto shi da ka: "Please supply five baskets every other day, starting Monday." Na duba, na ga biyar, na ga kwando, na ga "every", na ga "day", na ga Litinin. Na ce wa Kawu, kwando biyar kullum. Ya yi hamdala, muka shiga neman bashin kaya.

Litinin na kai, aka karɓa, aka sa mini hannu a rasit. Talata na sake ɗaukar shatar mota tun asuba, muka haye gadar Third Mainland, na isa get ina fara'a. Maigadi ya kira ta. Ta fito tana kallon kwandunan kamar na kawo mata gawa.

"Mallam, who send you today?"

Na zaro waya da gadarata na nuna mata saƙonta. Ba ta yi faɗa ba. Farcenta kawai ta ɗora a kan kalma ɗaya, "other", ta ce yau a kawo, gobe a huta, jibi a kawo. Firjinsu a cike yake da na jiya, ba inda za ta sa. Na roƙa, ta ce ba ita ke da otal ba.

Da za mu dawo muka faɗa gosulo tun daga bakin gada. Awa huɗu tumatir yana cikin rana, bayan wanda ya riga ya sha tun daga Arewa. Kafin mu iso Ketu ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan kwandunan. Rabinsa a matsayin fasasshe na sayar, wanda Yarbawa ke kira esha, ga masu buka da ke jiran irin wannan rana. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ribar wata biyu ta tafi a yini guda.

Kawu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yana zaune a kan buhun albasa yana jan carbi, ya ce, "Kai da aka ce ka gama sakandare?"

Na ce, "Kawu, kalma ɗaya ce na tsallake."

Ya ce, "To ita ba ta tsallake ka ba. Rabin asarar ni zan ɗauka. Rabin kuma ka biya a hankali. Amma ka je ka nemo inda ake koyar da abin da ya kayar da kai, tun bai sake kayar da mu duka ba."

Wani ɗan acaɓa ɗan Funtuwa ne ya kai ni ajin dare da ake yi a wata firamare a Ketu, sau uku a mako, bayan sallar isha'i. Mu kusan ashirin ne: 'yan acaɓa, masu gadi, mai shayi ɗaya, wani ɗan canji da ke zuwa da turare yana cika ajin, da mata biyu. Ɗayarsu mai tuwo ce, dattijuwa, muna ce mata Inna, kuma duk ta fi mu kai. Malamin tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haifaffen Agege, kakansa fataucin goro ya kawo shi. Hausarsa irin ta 'yan Agege ce, tana da ɗan karin Yarbanci, amma Turancinsa kamar a rediyo. Ba ya kiran kowa da suna, da sana'a yake kira. Ni Mai Tumatir ne tun daren farko.

Daren nan na nuna masa saƙon. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni haƙuri, ya tashi ya rubuta layi huɗu a allo: "every day", "every other day", "the other day", "another day". Ya ce na farko kullum, na biyu ana tsallake rana ɗaya, na uku kwanakin baya, na huɗu wata rana daban. Kalmar "day" ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Abin da ke gabanta ne ke juya ta, yau ta koma baya, gobe ta yi gaba. Ya ce Turawa na kiran waɗannan ƙananan kalmomi "determiners", masu nuna yawa a cikinsu kuma "quantifiers", amma kada sunan ya dame mu. Mu ɗauke su kamar 'yan kamasho a tasha: ba su ne motar ba, amma su ke faɗa maka wace mota ce, ina za ta, kuma mutum nawa ya rage.

Darasin da ya buɗe mini kai ya zo a mako na biyu, kuma daga rumfarmu ya ɗauko shi. Ya ce, "Mai Tumatir, doya yaya kuke sayar da ita?"

Na ce, "Ƙirgawa ake, Malam. Ƙwarya ɗaya guda ɗari."

"Shinkafa fa?"

"Awo. A gida mudu ko kwano, a nan derika ko bokitin fenti."

"Ka taɓa ganin wanda ya zo ya ce a ƙirgo masa shinkafa guda ɗari uku?"

Ajin ya fashe da dariya. Ya ce to Bature ma haka ya raba sunayen duniya gida biyu, abin ƙirge da abin awo, sai dai shi ya ɗauki rabon ya cusa cikin nahawunsa. Mu "da yawa" ɗaya gare mu: doya da yawa, shinkafa da yawa. Shi biyu gare shi: "many yams", amma "much rice". Tambayar ma biyu ce, "how many" ga abin ƙirge, "how much" ga abin awo. Ni da na yi shekara bakwai ina zaton "how much" ma'anarsa kawai nawa ne kuɗin. Abin awo ba ya karɓar "s" ta jam'i, ba ya karɓar "a", ba ya karɓar lamba kai tsaye, sai ka kawo masa mazubi: "a bag of rice", "two tins of oil", "three loaves of bread". Mazubin ake ƙirgawa.

Ɗan canjin nan ya ɗaga hannu, ransa a ɓace. "Malam, an ce 'money' ba a ƙirga shi. Ni kuwa tun safe ba abin da nake yi sai ƙirga shi."

Malam ya ce, "Alhaji, naira kake ƙirgawa, da dala, da sefa. Su ne mazubin. Ka taɓa cewa 'one money, two moneys'?" Sannan ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba, wai kalmar kuɗi tamu ma asalinta jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da wuri. Wato mu muka ɗauki abin a matsayin tarin 'ya'ya, su suka ɗauke shi kamar ruwa. Ba wanda ya fi wani gaskiya, kowa da inda ya yanka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kalmomin da ke da ƙafa a gida biyu, domin kullum ina tare da su. Tattasai a kwando "peppers" ne, ana ƙirgawa. In an niƙa ya zama gari ko miya, ya koma "pepper", sai awo. Kaza mai rai "a chicken" ce, in ta shiga tukunya aka zubo maka a faranti ta zama "some chicken". "Paper" takarda ce a matsayin kaya, "a paper" kuwa jarida ce ko takardar jarrabawa. Inna mai tuwo ce ta fara ganewa, ta ce, "Ashe wuƙa da turmi ne ke canza musu nahawu." Malam ya ce ta rubuta wannan ta ajiye, ya fi abin da ke cikin littafi.

Inda muka sha wuya kuwa shi ne sunayen da Hausa ke ƙirgawa amma Turanci ya ƙi. Muna cewa shawara, shawarwari. Bayani, bayanai. Labari, labarai. Sai hannu ya tafi da kansa ya rubuta "advices" da "informations". Duk kuskure ne. "Advice", "information", "furniture", "luggage", "equipment", dukansu 'yan gidan awo ne, in kana son guda ɗaya sai ka ce "a piece of advice". "News" kuma ga "s" a wutsiyarta amma tilo ce, "the news is good". Na yi gardama a kan wannan, na ce Malam, daga nan zuwa Ojota alluna nawa ne aka rubuta "furnitures" da "equipments", kuma masu shagunan sun fi mu kuɗi? Ya ce, "Mai Tumatir, mai shago ba zai maka makin jarrabawa ba." Ni dai har yanzu ina ganin a baki, a cikin kasuwa, ba wanda "furnitures" ta taɓa cuta. A takarda ne take tona asiri.

Sai "a" da "the", waɗanda na fi rainawa. Mun ce wa Malam ai Hausa ba ta da irinsu, shi ya sa ba sa zama a kanmu. Ya ce ƙarya muke, muna da su, ba mu lura ba ne. Ya sa mai shayi ya ba da labari da Hausa. Mai shayi ya ce, "Wani yaro ya zo da wata mota. Yaron ya fito, ya bar motar a gaban tebur ɗina." Malam ya tsayar da shi. Ya ce ku ji: da farko wani yaro, wata mota, domin ba mu san su ba. Da aka sake ambatarsu suka zama yaron, motar. Wannan 'yar "n" da 'yar "r" da kuka liƙa a ƙarshe, aikin "the" suke yi. Wani da wata kuma suna kusa da "a", wasu tana kusa da "some". Bambancin kawai, namu a baya yake, nasu a gaba.

Wallahi daren nan na koma rumfa ina ta maimaita kwando, kwandon, kasuwa, kasuwar, kamar sabon mahaukaci. Abin da aka yi shekara shida ana dukana a kansa a makaranta, ashe yana bakina tun ina goye.

Amma ya gargaɗe mu kada mu miƙe ƙafa, domin awon ba ya cika daidai ko'ina. Mu mukan ce ni ɗan kasuwa ne, ba wani ba wata. Bature dole ya ce "I am a trader", domin abin ƙirge tilo ba ya fita tsirara a Turanci, sai da wani abu a gabansa, ko "a", ko "the", ko "my", ko "this". Mukan ce rana ta fito, shi sai ya ce "the sun", tunda ita kaɗai ce. Sunayen wurare kuma sai haddacewa: "the Niger" ga kogin Kwara, amma "Lake Chad" ba komai a gabansa, "Nigeria" haka nan, amma "the Gambia" da "the United States". Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuwa kunne ke yin sa, ba ido ba: "an onion", "an hour", "an honest man", amma "a uniform", "a university". A nan ya tsokani dangin mahaifiyarsa Yarbawa da ke haɗiye "h" su ce "an house", mu kuma ya ce kada mu yi dariya, mu da har yau ba mu raba "p" da "f" ba.

Wani maigadi a ajin, mutumin Gumel, ya taɓa tashi zai gabatar da iyalinsa da Turanci, ya ce, "My brother is in prison at Kirikiri." Muka yi tsit, Inna har ta fara jajanta masa. Ashe wan nasa kwangilar kai wake yake yi can. Malam ya ce, "Maigadi, ka ɗaure ɗan'uwanka da bakinka." In ka ce "in prison", fursuna ne. In aiki ya kai shi, sai ka ce "at the prison". Haka "go to school" na ɗalibi ne, "go to the school" na uban da aka kira saboda ɗansa ya yi faɗa. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran mutumin nan Maigadi, sai Ɗan'uwan Fursuna.

Sauran mun bi su da sauri, wasu sun zauna, wasu sai daga baya. "Some" a magana mai tabbatarwa, "any" a tambaya da korewa, sai dai in tayi kake yi, kamar mai shayi da ya koyi "would you like some tea" ya dame mu da ita wata guda. "Each" in kana bin su ɗaya bayan ɗaya, "every" in ka haɗa su a dunƙule, kuma duka biyun tilo suke ɗauka. "Both", "either" da "neither" na abu biyu ne kawai. "Fewer baskets" amma "less water". Waɗannan ban ce na ƙware a kansu ba, har gobe "either" takan sa ni tsayawa.

Akwai dai darasi ɗaya da Malam ya yi mako guda a kansa, muna ta ƙorafin ya wuce gaba. Ya rubuta "a few customers came", a ƙasa ya rubuta "few customers came". Ya ce wanne ɗan kasuwa ne zai ci abincin dare da daɗin rai? Muka ce ai duk ɗaya ne, kaɗan ne suka zo. Ya ce a'a. Na farko cewa yake, alhamdu lillahi, an ɗan samu. Na biyu cewa yake, yau kasuwa ba ta yi ba, kusan ba wanda ya zo. Adadin zai iya zama ɗaya, mutum biyar a nan, biyar a can, amma ɗaya yana kallon abin da ya samu, ɗaya yana kallon abin da ya rasa. Haka "a little" da "little" a gidan awo. "I have a little money", akwai ɗan abin da za a taɓa. "I have little money", kada ma ka tambaye ni rance. Inna ta ce wato bambancin "akwai ɗan abu" da "ba wani abu". Ya ce shi ke nan, ta gama. Ya sa muka yi ta jera misalai har muka gaji, ni a raina ina cewa dattijon nan ya rasa abin koyarwa ne.

Na zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu a 2017, na samu D7. Na sake a 2018, C5 ta fito. Na kai wa Kawu takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ta biya kwando biyar ɗin?" Na ce ta biya. Ya ce to a sayo wa Malam shadda. Zuwa lokacin cinikin otal ya zama uku a hannuna, kuma duk saƙon da ya shigo sai na karanta shi sau biyu, na biyun don ƙananan kawai.

A damunar 2019 Kawu ya kwanta. Ciwon hanta ne, ya daɗe yana ɓoyewa yana shan jiƙe-jiƙe, sai da cikinsa ya kumbura idanunsa suka yi ɗorawa sannan ya yarda muka kai shi asibiti. Ni da babban ɗansa muke jinya. Shi taubashina ne, a Legas aka haife shi, Turanci a bakinsa kamar ruwa, kuma tun zuwana yake kirana ɗan ƙauye. Mun yi kwana tara ana gwaje-gwaje, ana ƙarin ruwa, kuɗi na tafiya. Kawu kuwa kullum maganarsa ɗaya, a mai da shi gida Kura. Mu muna lallashinsa, muna cewa ya bari a gama magani.

Ranar ta goma babban likita ya zagayo da ɗalibansa. Ya daɗe yana duba takardun hoto, ya ja mu gefe a baranda, ya yi bayani mai tsawo da ban kama rabinsa ba. A ƙarshe ya ce, "There is little we can do for him now." Ya dafa kafaɗar taubashina ya wuce.

Yaron ya juyo fuskarsa a sake. "Alhamdu lillahi, Yaya. Ka ji ya ce akwai ɗan abin da za su iya yi. Bari in kira Umma in gaya mata."

Ni kuwa ƙafafuna sun yi sanyi. Kunnena ya nemi wata 'yar "a" a cikin maganar nan bai same ta ba. Na ce masa ya dakata da kiran. Na bi likitan da sauri har bakin matakala, ban ma san yadda zan jera tambayar ba, abin da ya fito kawai shi ne, "Doctor, please. Little, or a little?"

Ya tsaya. Ya kalle ni, ya kalli rigata mai tabon tumatir, ya cire tabarau. Ya ce, "Little. Very little." Sannan ya sassauta murya ya ce in yana da mutane a gida, kuma yana son ganinsu, kada mu ɓata lokaci.

Daren nan muka yi ta fama da taubashina. Ya ce na cika baƙin fata, ya ce Turancin ajin dare ne zai sa in kashe masa uba. Ban mayar masa ba. Na ce ya je da kansa da safe ya tambayi likitan da ke kwana, da kowane harshe yake so. Ya je. Ya dawo bai ce mini komai ba, ya fara naɗe tabarma.

Muka ɗauki shatar mota, muka shimfiɗa wa Kawu katifa a baya. Hanyar da na biyo a saman tumatir shekara goma da suka wuce, ita muka bi a juye. Da muka wuce Zariya ya ce a ɗaga shi ya ga gonaki. Kwana goma sha ɗaya ya yi a Kura. Ya ga mahaifiyata, ya ga 'yan'uwansa, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ɗaya bayan ɗaya, ni ina rubutawa. Ranar Alhamis bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan arba'in muka dawo kasuwa, rumfar ta koma hannunmu mu biyu. Wata rana da hantsi, ba ciniki, muna zaune a kan buhunan albasa, sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, ranar nan a asibiti, yaya aka yi ka gane?"

Na yago gefen kwali, na ari biro wurin yaron rasit, na rubuta masa layi biyu, ɗaya a kan ɗaya: "There is a little we can do." "There is little we can do." Ya riƙe kwalin ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya rufe "a" ɗin, ya buɗe, ya sake rufewa.

"Wannan ɗin kawai?"

Na ce, "Ita kaɗai."

Ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaba. Can sai ga yaro da gudu, wai motarmu ta Gafan ta shigo tana neman wurin tsayawa, muka tashi neman 'yan dako.